Shafin Ƙarshe Yana Hannuna

Assalamu alaikum Anti mai gabatar da shiri. Don Allah kar ki faɗi sunana. Ban taɓa gaya wa kowa ba: ni na yage shafin ƙarshe na littafin Rahila.

Rahila ƙawata ce, maƙwabciyarmu a Dei-Dei. A kan idonmu aka gina tashar jirgin ƙasa, muna yara. Jirgi ya fara aiki, da korona ta zo sai ya tsaya. Ciyawa ta cinye wurin, awaki suka gaje shi. A inuwar katangar tashar muke zama da littafin soyayya ɗaya, ita tana karanta maganar saurayi, ni ta budurwa.

Yanzu jirgi ya dawo. Shi Rahila take hawa zuwa makaranta, har ta yi sabuwar ƙawa, wata Blessing. Rannan na hango su ta taga, kai da kai, littafinmu a hannunsu. Wallahi Anti, kamar an watsa mini barkono a ƙirji. Da Rahila ta manta jakarta a ɗakinmu, sai na cire shafin.

Jiya ta ce, "Ke, yaya labarin nan ya ƙare? Mu dai mun rasa ƙarshensa."

"Mu" fa ta ce, Anti!

In mayar mata ko in ƙyale? Tana sauraren shirin nan, za ta gane ni. Kwana uku wasiƙar nan tana ƙarƙashin filo, amma yau zan hau jirgin in miƙa miki ita da hannuna. Shafin ma na saka shi a jaka, ko za mu haɗu da Rahila a tasha.