Saniya Mai Yatsu Biyar

A bencin wani mai ɗori a garin Lafiya, wata Bafulatana da wata 'yar kasuwa suna jiran layi.

"Baiwar Allah, me ya sami hannunki?" in ji 'yar kasuwar.

"Saniya ce ta harbe ni."

"Saniya mai yatsu biyar? Ga shatinsu a wuyanki."

Bafulatanar ta gyara mayafi. "A ruga ba a kai ƙarar miji. Ko sunansa ba ma kamawa."

"Mu Eggon ba ma ɓoyewa. Yayyenki maza za ki gaya wa."

"To ke fa, Yaya, me ya karya ki?"

'Yar kasuwar ta kau da kai.

"Keke napep ne."

"Kin gaya wa yayyen naki?"

"Wancan karon na gaya musu. Su suka mayar da ni."