Wutar Ta Nuna Kore

"Ku kuka kashe min jika!"

A ɗakin jira na ofishin ruwa, wata tsohuwa ta tare ma'aikaci mai ɗauke da ɗan akwati.

"Haba Inna, ni ko saninki ban yi ba."

"Na san akwatin nan. Irinsa kuka kawo, kuka tsoma tsinkensa a ruwan rijiyarmu, wuta ta nuna kore, kuka ce mu sha. Likita ya ce gubar dalma ta kashe yarinyar."

"Allah ya jiƙanta. Amma na'urar ba ta ƙarya. Ƙwayoyin cuta aka ce mu duba, tsinken dalma daban ne, ba a ba mu ba. Ni dai in na ga masu fasa batir don cire dalma kusa, ko alwala ba na yi da ruwan."

"A bayan rijiyarmu suke. Ashe kun sani! Uwarta daga nesa take ɗebo mata, ni na hana, na ce inji ya wanke ruwan. Ajiye akwatin nan, ɗan nan. Kira min wanda ya hana ku tsinken, ya fito ya dubi idona."