Sadakar Hayatu

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, a tashar Cadawa, tsohuwa Mero ta ƙura wa lambar sojan da ke ƙirjin wani baƙo ido.

"Ɗana, ka je yaƙin Jamus?"

"Na je, Inna. Can na baro yatsu biyu."

"To kai zan tambaya. Lokacin yaƙin, kullum tafinta na karanta mana labari a ƙofar buro, ofishin Nasara: yau an ci gari kaza, an harbo jirgin sama, jirgin ruwa ya nutse. Ban taɓa fashi ba, amma ban ji sunan ɗana Hayatu ba."

"Ai ba su kiran suna, Inna. Ƙidaya mu suke yi."

"Ni ko na hana a yi masa sadaka. Wa ke sadakar mai rai?"

Baƙon ya sunkuyar da kai.

"Inna, shekara goma sha biyar ke nan. Duk mai sauran kwana ya dawo."

Mero ta daɗe tana kallon hanya.

"To, gobe zan jiƙa geron gumba. Ka biyo ka ci, ɗana. Kai ka karanta mini abin da tafinta ya tsallake."