Rabon Lorna a Gadon Glenn

A shagon tsofaffin faya-fayan waƙa da ke garin Duluth, Lorna ta ajiye wani faifai za ta sayar. Wani dattijo da ke bayanta ya leƙo, ya yi tsaki.

"Baiwar Allah, wa ya tsane ki haka?"

"Yayana Glenn, da ya rasu. Faya-fayan waƙoƙin nan masu daɗi duk ya raba wa abokansa, ni wannan ya bar mini. Raini ne, ko?"

"Kiɗan fim ne, a gurguje suka yi shi. Mai jita kamar yana gyaran mota, mai ganga kuwa ina jin bai zo ba. Fim ɗin ma ya fi muni."

"Haba dai! Ina ƙarama na yi ta kuka sai da Glenn ya kai ni kallonsa. Barci ya yi har aka tashi."

Dattijon ya dube ta.

"Ya yi barci, kuma ya saya ya adana shekara arba'in? Babu mai ajiye wannan don kiɗa."

Lorna ta yi ajiyar zuciya, ta janye faifanta.

"Na fasa sayarwa."

"Kin kyauta. Amma don Allah kar ki kunna."