Wandon da Tela Ta Ƙi Yankewa

Ina jiran ɗinkina a rumfar Sumiati tela, a kasuwar birnin Semarang, sai wani ramamme ya miƙa mata wando.

"Baiwar Allah, yanke mini ƙugun nan."

"Tarin fuka ne, Malam?"

"Wa ya gaya miki?"

"Bel ɗinka. Huji huɗu ka ƙara da ƙusa. Jiki in yana yaƙi da cuta, kitsensa yake ƙonawa kamar itacen girki."

"Haka likita ya ce! Kin yi karatu ne?"

"Shekara talatin ina awon ƙugu. Kana shan magani?"

"Na wata shida ne, yau wata biyu ke nan. Ko zan ga na shida, oho."

"To ba na yankewa. Ta ciki zan ninke. Ran da tumbi ya dawo, kawo in warware."

Ya daɗe yana kallon wandon.

"To, Yaya, ninke da yawa. Da can ni ƙato ne."