Ƙaurin da Ya Ƙi Barin Falo

A kantin kayan shara da wanki, wani magidanci ya matso kusa da mai kantin, duk jikinsa ƙauri.

"Hajiya, me ke fitar da warin hayaƙi daga falo? Murhun ɗumama ɗaki ne ya ja mini."

"Ka buɗe tagogi, ka wanke labule, ka zuba gawayin nan a kwano ka ajiye, yana shanye wari." Ta ɗan shinshina. "Amma Malam, wannan ba ƙaurin itace ba ne."

Ya rage murya. "Ulu ne. Rigar sanyina ce ta faɗa wuta."

"Da kanta ta faɗa?"

"Matata ce ta saƙa mini. Hannu ɗaya har gwiwa, ga ƙaiƙayi kamar me! Shi ya sa na jefa ta. Gobe za ta dawo daga tafiya."

"In ta tambayi rigar fa?"

"Sai in ce an sace a igiyar shanya."

"Kash! Ai cewa za ta yi har ɓarawo ya yaba, ta saƙa maka biyu."

Magidancin ya ajiye gawayin a hankali.

"Bar shi, Hajiya. Gara ta ji warin."