Murar da Muka Ce Gumi Zai Fitar

Shugaban makaranta, malamai, likitan da ya yi iya ƙoƙarinsa, Baba da Mama, ƙannen marigayi, iyayen 'yan wasanmu, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ni ne kocin ƙungiyar ƙwallon makarantar nan.

Maganaɗisu muke ce wa golanmu, don ƙwallo ba ta kuɓuce masa. Shekararsa goma sha shida. Ya kasance mai riga kowa zuwa fili ya ɗaura raga. Ya kasance mai koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Ya kasance mai tsokana, in na cika ihu sai ya ce, "Koci, a hankali, hawan jini fa!"

Makonni uku da suka wuce mura ta zagaye ƙungiyar. Ya kwanta kwana biyu da zazzaɓi, a na uku ya dawo yana haki. Muna da doka: wanda ya yi fashin atisaye sau uku ya bar wa wani rigarsa. Ni na kafa ta. Ya dafe ƙirji ya ce, "Koci, nan ke yi mini nauyi." Na faɗa masa abin da kullum muke faɗa: "Zagaya fili, gumi zai fitar da ita." A zagaye na huɗu ya faɗi.

Likita ya ce ƙwayar cutar ce ta kai ga tsokar zuciyarsa ta kumbura ta, kuma irin wannan zuciyar hutu take so, ba gudu ba. Baba, Mama, ba mu sani ba. Ku yafe mana.

Abin da ke tayar mini da hankali yanzu, wasu yaran bakwai sun yi wannan murar, ga wasan ƙarshe ranar Asabar. Ana ta cewa a buga don tunawa da shi. Ba za mu buga ba. Na soke dokar, kuma ba mai taka fili sai likita ya duba zuciyarsa.

Kyaftin, ɗago ka kalle ni. Jiya na gan ka a matakalar bene ka tsaya dafe da ƙirji, kana hango ni ka yi kamar maɓalli kake gyarawa. Ga babanka can a layin baya. Daga nan asibiti za ku wuce, yau, ba gobe ba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Maganaɗisu, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya Allah, waɗannan bakwai ɗin, ka bar mana su.